Riɗin da Ya Manta Fure

A gonata ta bakin gulbi, hanyar Safo,
kunya tara na ware wa riɗi bana.
Na yi noman fari, na yi maimai,
ban bar wa ciyawa ko tafin hannu ba.

Da watan fure ya kama, sai ga wani tushe
ya fi 'yan'uwansa kore, ya fi su cika,
reshe kan reshe kamar tsintsiyar da aka kwance.
Na nuna wa Ɗan Jimma maƙwabci, ina taƙama.
Ya duba, ya taɓe baki,
bai ce mini komai ba.

Inda farin fure ya kamata ya leƙo,
ganye ne ƙanana, cunkus, sun yi tuntu.
Zuma ta zo, ta kewaya sau biyu, ta wuce.
Na jira kwanso har sauran suka fara nuna,
wannan bai ɗaura ko guda ba.

Ranar Juma'a Hadizatu 'yar ƙanena ta zo daga Tarna,
inda suke leƙa ciwon shuka a madubin ƙara girma.
Ta durƙusa, ta kaɗa ganyen da bayan hannu,
wasu 'yan ƙwari suka yi tsalle a karkace,
ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba.

Ta ce, Baba, waɗannan 'yan dako ne.
Kayan da suka sauke yana can ciki,
ƙwayar bakteriya ce, a miyansu take tafiya,
ta bi bakin da suka soka, ta faɗa jijiyar
da ke kai zaƙi daga ganye zuwa saiwa.
Shuka ma tana da masu gadi, in ji ta.
In an cije ta, takan buga gangami a jikinta,
ɗaci ya taso, ƙwaro ya tofar ya tashi.
Wannan baƙuwar ba ta zo da faɗa ba.

Makaɗin gangamin take nema tukuna,
ta kwance masa tsarkiya, ta ɓoye gula.
Sai a yi ta cizo, gari na barci,
ƙwari su sha, su yi ƙwai, su yi jikoki.
Sannan ta je wa fure da raɗa:
me za ka yi da 'ya'ya? Zauna ganye.
Ganye shi ne rumfar masu kai ta gaba.
Riɗin yana ci, yana sha, yana tsayi,
bai san an saye gidan da shi a ciki ba.

Na yi shiru. Na tuna shekarar da rumbuna ya rame
ƙofa a rufe, kwaɗo bai ko karce ba.

Na ce, to magani?
Ta ce, wanda ya kamu ya tafi, sai ka tuge,
ka ƙone shi nesa, ka share ciyawar gefen kunya,
baɗi ka yi sammakon shuka tare da maƙwabta.
Ta faɗe shi kamar mai karanta farashin kasuwa,
amma ba ta dube ni ba.

Talatin da ɗaya na tuge kafin la'asar.
Da ƙeƙasasshe ne, da hannu bai yi nauyi ba.
Waɗannan kore shar, saiwarsu na riƙe ƙasa,
hayaƙinsu fari, mai kauri, ya ƙi tashi sama.

Da dare Barira ta tambaya ko za a samu na kantu,
don masu saye a tashar Madarunfa sun saba da nata.
Na ce za a samu, ko tiya goma ce.
Na kwanta ina jin tsalle-tsallen nan a kunne.
Da asuba na koma, ina bin kunya a tsugune,
ina ɗaga ganye ɗaya ɗaya, ina neman fari.
Tun ina yaro nake gaida kore in na gan shi.
Yau na wuce shi, ban gaishe shi ba.